Rawar Biki a Maraɗi: A Gida, Wajen Gwani, a Sutudiyo ko a Salula?

Ɗinki nake yi, ba rawa ba. Amma shekarun da na yi ina auna amare sun sa na ga rawar biki ta inda masu kallo ba sa gani. Saura kwana goma biki amarya za ta zo gwada riga, ta tsaya gaban madubi ta ce, "Tanti, wai zan iya juyawa da wannan?" Sai in ce ta juya in gani. Nan take jelar riga ta naɗe mata ƙafa, babbar ƙawa ta dafe ƙirji, sannan a fara faɗa mini gaskiya: an shirya rawa, an yi sati uku ana gwaji, kuma babu wadda ta tuna cewa ba da zane da silifa za a shiga fili ba.

Daga nan sai tambaya ta biyo baya, wani lokaci daga amarya, wani lokaci daga uwar da ta rako ta: to a ina ya kamata a koya? Hanyoyi huɗu na ga mutanen garin nan suna bi. Akwai masu koyo a tsakar gida wajen ƴan'uwa da ƙawaye. Akwai masu ɗauko gwani ya zo har gida ana biyansa. Akwai masu zuwa ɗakin koyon rawa, abin da yara ke kira sutudiyo. Akwai kuma masu jingina salula da bango su bi abin da suke gani. Kowace na ga ta yi rana, kowace kuma na ga ta ba da kunya.

Wace rawa tukuna?

A zamanin iyayenmu amarya ba ta rawa. Tana ɗaki a lulluɓe, hannu da ƙafa cikin lalle. Rawa ta ƙawaye ce da gwaggwanni: gaɗa da tafi, kiɗan ƙwarya a cikin gida, kalangu a dandali da dare. Fitowar ango da amarya tsakiyar fili su taka tare baƙon abu ne, ya shigo mana ta finafinan Kano tun shekarun 1990, salula ta zo ta ƙarasa. Ban kawo wannan don in ce a daina ba. Na kawo shi ne don ki tuna kakarki ba ta yi ba, kuma ita za a ajiye wa kujera a sahun gaba.

Rawar da ake shiryawa yanzu iri uku ce, kuma ba malami ɗaya suke buƙata ba. Akwai ta mata zalla, ranar kamu ko wuni. Akwai rawar shiga, inda ƙawaye cikin anko ke yin layi biyu amarya na bayansu. Ita ta fi cin gwaji, domin mutum takwas ko goma ne za su ɗaga ƙafa ɗaya a lokaci ɗaya. Sai ta ango da amarya daren suware, ko dina yadda ƴan'uwanmu na Katsina ke cewa.

Wannan ta ukun ita ce mai rigima, domin kashi biyu ce: mai riƙe juna da marar riƙewa. Bals ta Turawan Ostiriya da Jamus ce, ƙirgenta uku, namiji ya riƙe hannun mace ɗaya, ɗayan hannunsa a bayanta, suna zagaya fili. Salsa tushenta Kuba, a New York ta yi suna wajen shekarun 1960 da 1970. Ana ƙirga takwas, a taka uku a dakata, a sake taka uku a dakata, ga yawan juyi. Kizomba ta Angola ce, a hankali take amma jiki manne da jiki. Duk ukun doka ɗaya ke riƙe da su: ɗaya na ja ɗaya na bi, kuma ta hannu da kafaɗa saƙon ke wucewa, ba ta baki ba. Shi ya sa mutum ba ya koyonsu shi kaɗai.

Takamba kuwa, wadda ta zo daga Gawo ta ƙasar Mali, rawar mutanen Songai da Buzaye, namiji da mace na fuskantar juna, hannuwa da kafaɗu na kaɗawa sannu a hankali, babu mai taɓa wani. Har a zaune ana yin ta. Babbar riga da shadda mai nauyi ƙara mata kyau suke yi. Har gobe ina mamakin yadda yaranmu ke tsallake ta su tafi neman ta Angola.

Abin da za ki auna da shi

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi in an haɗa su duka: yardar gida biyu. Maraɗi ba Yamai ba ce, balle Abijan. Wanda ya yi wayo a Nuwamban 2000 ya san yadda garin nan ya hargitse saboda bikin nunin tufafi na FIMA, alhali a Yamai ma aka yi shi. Abin da zai wuce lafiya a wani gida na unguwar Ali Ɗan Tsoho yana iya tayar da ƙura a wani gida na unguwar Limanci, kuma sau da yawa gidajen nan biyu su ne ke haɗa aure. Akwai kuma abin da masu shiri ke mantawa: lokacin da ake gwaji ba a ɗaura aure ba tukuna. Ango da amarya su riƙe juna sati huɗu ana koya musu juyi, wannan ba ƙaramar magana ba ce a wajen iyaye, kuma suna da hujja. Duk hanyar da za ki zaɓa, ki tambaye ta yadda za ta warware wannan.

Na biyu kuɗi, kuma ba ladan mai koyarwa kaɗai ba. Ki sa kuɗin kabu-kabu na ƙawaye zuwa da komawa, ruwan sanyi, ɗan abin taɓawa, da kuɗin intanet. Ƙawa goma ba sa gwajin awa biyu da yunwa.

Na uku sauƙi. Amarya a watan bikinta ba ta da lokacin kanta: ga tela, ga mai lalle, ga rabon goro da katin gayyata, ga gyaran jiki. Hanyar da ke neman ki ƙetare gari kullum la'asar ba za ta ɗore ba, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40.

Na huɗu ƙarko, wato ko abin da aka koya zai tsaya da ƙafarsa ranar da abubuwa suka ƙi tafiya yadda aka tsara. Kuma za su ƙi. Kuran zai ɗauke, sai an tayar da janareto. Mai sono, wato mai kayan sauti, zai sa wata waƙa. Sama da duka akwai liƙi: da zarar gwaggon ango ta miƙe da sabbin takardun dala ɗari a hannu, mata ashirin za su biyo ta, fili ya cika, tsari ya watse. Rawar da aka shirya ta minti biyar ba ta taɓa kai ƙarshe a bikin Bahaushe ba. Minti ɗaya da rabi zuwa biyu na farko su ne naki, sauran na dangi ne.

Na biyar haɗari: gocewar ƙafa, mai koyarwa ya karɓi kuɗi ya ɓace, da bidiyon gwaji ya fita. Wannan na ƙarshen ya fi ciwo, domin a wajen gwaji kai babu ɗankwali, ana dariya ana kuskure. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, amma bidiyon da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa don an kai ƙara.

Koyo a tsakar gida

Kowane dangi na da macen da in ta shiga fili maroƙa ke miƙewa. Wata yaya ce, wata matar kawu, wata ƴar foyandin mahaifiyarki, wato ƙungiyarsu ta mata. Ita ce malamar wannan hanya, tare da ƙawayen da suka riga ki aure.

Wajen yarda babu kamarta. Babu baƙon namiji, tsofaffi na zaune kan tabarma suna gani, abin da bai yi musu ba nan take za su faɗa, ki gyara tun kafin duniya ta gani. Kuɗi kuwa tukwici ne: turmin atamfa, ko ki ɗauke mata kuɗin anko. Ba ki fita ko nan da ƙofar gida.

Amma babban abin da ya sa nake girmama wannan hanya shi ne kiɗan da take tafiya da shi. Rawar gida da kalangu ko ƙwarya aka san ta, shi kuwa makaɗi ido yake sa wa ƙafarki. Kin yi sauri ya bi ki, kin yi nawa ya jira ki, kin rikice ya sako wani zambo ko kirari ya rufa miki asiri har ki dawo kan taki. Sono ba ya jiran kowa. Na ga wannan da idona a bikin ɗiyar yayata. Sun yi sati biyar suna koyon rawar shiga daga salula, sun haddace ta da kalmomin waƙar: in mawaƙi ya ce kaza a juya, in ya ce kaza a durƙusa. Ranar biki mai sono ya sa wani haɗin waƙar dabam, mai doguwar gabatarwa, yana kuma ta kiran sunayen manyan baƙi a kai. Yara suka tsaya cirko-cirko a bakin rumfa, kowace na kallon ta kusa da ita. Wani dattijo mai kalangu da dangin ango suka zo da shi, wanda ba a ma sa shi cikin tsari ba, shi ya matso ya fara bugawa daidai takun amarya, ya kai ta har kujerarta. Abin da mutane suka riƙe daga bikin ke nan.

Inda ta gaza: gwanar gida ta iya rawa, amma ba lallai ta iya koyarwa ba. "Ki yi haka mana" ita ce duk darasinta, jikinta ya sani bakinta bai sani ba. Jera mutum goma su taka tare ba aikinta ba ne, bals da salsa kuwa kada ma a tayar da maganar. Sannan zumunci na cin lokaci. An sa ƙarfe huɗu, a taru biyar da rabi, a yi hira, a kira magariba.

Ɗauko gwani har gida

Garin nan bai rasa masu rawa na sana'a ba. Tun zamanin ƙungiyoyin matasa na Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce daga 1974 zuwa 1987, unguwanni da jihohi ke gasar rawa da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma al'adar kafa ƙungiyar rawa ba ta mutu ba. Ga kuma matasan yanzu, wasu ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da suka maida shirya rawar biki abin neman na kashewa. Mai neman irinsu ta fara tambaya a gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, ko wajen masu sono da masu ɗaukar bidiyo, su ne ke haɗuwa da su kowane mako.

Wannan hanya ita ce ta rawar shiga. Gwani ya san ƙirge. Zai koya wa yara su ji bugun kiɗa su ƙirga takwas-takwas maimakon su bi kalmomi, ta yadda ko an sauya waƙa, in dai bugun bai sauya ba, ƙafa ba za ta ɓata ba. Ya san wa zai sa gaba, wa zai ɓoye a tsakiya. Nagari zai tambaye ki faɗin filin, ko rairayi ne ko siminti ko karo, sannan ya ce a kawo takalman biki tun zama na uku. In bai tambayi waɗannan ba, rawar kansa ya zo yi.

Farashi ciniki ne, kuma ya danganta da yawan zama da yawan kawuna. Abin da ke da muhimmanci shi ne ki yi lissafin duka tun farko. A ce kun daidaita kan jikka uku kowane zama, zama takwas ya tashi jikka ashirin da huɗu, wato sefa 24,000. In kin ɗora kabu-kabun ƙawaye goma da ruwa da abin taɓawa na zama takwas, kina iya tarar da na gefen ya kamo ladan ko ya wuce shi. Kada ki biya duka a gaba. Kashi ɗaya cikin uku a farko, sauran a rarraba, kaso na ƙarshe sai bayan gwajin ƙarshe. Lokacin da bukukuwa ke cunkushewa, bayan kaka da kuma watan Sha'aban kafin azumi, gwani ɗaya na iya riƙe biki huɗu, kuma wadda ta gama biya ita ake fara yi wa latti.

Maganar yarda a nan ta rataya kan abu ɗaya: mace ce ko namiji? In mace ce, rabin matsala ta kau. In namiji ne, a yi a tsakar gida ba a ɗaki ba, da babba a zaune, kuma a yi masa sharaɗi tun ranar farko cewa nuni zai yi da jikinsa, ba gyara da hannunsa ba. Na ga gidajen da suka yarda da haka, na ga waɗanda ko a haka ba su yarda ba. Ki tambayi mahaifinki ta bakin mahaifiyarki kafin ki ba da ko dala.

Aibin gwanayen ɗaya da na lura: wanda ya taso a rawar dandamali yana son tsalle da durƙuso da juyi mai sauri, abin da ke sa alƙalan gasa tafi. Amarya mai leshi mai duwatsu da ɗauri mai tsawo ba ƴar gasa ba ce. Ki ce masa ya rage. In ya ba ki salo goma sha biyu, ɗauki biyar ki maimaita su, babu mai ƙirgawa a cikin ƴan kallo.

Sutudiyo

Ɗaki mai madubi bango guda, da daɓe mai santsi daidai, da malamin bals ko salsa, abin manyan birane ne irin Yamai. Daga nan zuwa can kusan kilomita 660 ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda a bas. Don haka wannan hanya ta wanda karatu ko aiki ya riga ya ajiye a can ce, biki kawai zai dawo yi gida. Masu tunanin tsallakawa Katsina ko Kano ta Ɗan Isa su tuna iyakar nan an rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023. Ba a ɗora shirin biki a kan ƙofar da makullinta ke hannun wasu. A cikin gari abin da ya fi kusa da sutudiyo shi ne zauren da wata ƙungiya ke gwaji, ki je ki same su a can maimakon su zo.

Abin da sutudiyo ke da shi wanda sauran ba su da shi madubi ne da tsari. Kina ganin kanki, kina ganin kafaɗar da ta faɗi. Darasi na da lokacin farawa da na tashi. Kuma ita kaɗai ce ke koyar da ja da bi yadda ya kamata, abin da zai zauna a jiki bayan biki shekara da shekaru. Wajen ƙarko na dogon zango ta fi kowace. Wajen ƙarko na ranar biki kuwa tana da rauni: kin saba da daɓe mai laushi, ga shi an shimfiɗa kafet kan rairayi a ƙarƙashin rumfa, tsinin takalmi na nutsewa, juyin da ke zuwa da kansa a can ya ƙi zuwa a nan.

Kafin ki ba da kuɗi, ki nemi zama ɗaya na gwaji. Ki tambaya ajin taro ne ko na ku biyu. A ajin taro al'ada ce a riƙa musayar abokin rawa kowane ƴan mintuna don kowa ya saba da hannu dabam-dabam, kuma gara ango ya ji wannan daga bakinki tun a gida da ya gani da idonsa. Ki ce a nuna miki bidiyon wasu ango da amarya da suka koyar, ba na malamin da abokiyar rawarsa ba, kowa ya san su sun iya. Ki tambaya ko suna ɗaukar ɗalibai suna sawa a TikTok don talla, ki ce ba ki yarda ba tun kafin a fara. Kada kuma ki sayi darasi ashirin a dunƙule don an yi miki ragi, shida zuwa takwas sun ishi rawar minti biyu.

Matsalar riƙe juna kafin ɗaurin aure tana da mafita, na ga an bi ta ta yi kyau. Amarya ta koyi nata takun da ƙawa a matsayin ango, shi kuma ya koyi nasa da ƙanwarsa ko abokinsa, in ya iya jure dariyar ƴan fada. Bayan an shafa fatiha, kafin daren suware, a samu awa ɗaya ko biyu a haɗa su. Bals mai sauƙi na jure wannan. Salsa ba ta jurewa, juyinta na son hannun da aka saba da shi.

Kuɗin sutudiyo ya fi na kowace hanya, musamman darasin mutum biyu.

Salula

Kusan kyauta ce in ban da kuɗin intanet, babu mai ganinki, kuma ko tsakar dare kina iya yi. A YouTube ana rage saurin bidiyo zuwa rabi, ki yi amfani da wannan. Sai dai salula ba ta ganin ki, ba za ta ce miki kin karkace ba. Mai rawar da ke fuskantarki damansa hagunki ne, shi ya sa rabin ƙawaye ke juyawa gabas rabi yamma. Rawar TikTok kuma don ɗan siririn allo aka yi ta, daga ƙugu zuwa sama, mutum na tsaye wuri ɗaya na daƙiƙa talatin. A sa ta a filin biki sai ta zama kamar ana korar sauro. Salula wajen zaɓen salo take da amfani, da kuma ɗaukar gwajinku ku kalla ku gyara. A nan ma salula ɗaya tak, ta babbar ƙawa, sauran a tara su cikin kwano a bakin ƙofa.

| | Gida | Gwani har gida | Sutudiyo | Salula |
|---|---|---|---|---|
| Yardar iyaye | Babu matsala | Da sauƙi in mace ce | Sai an yi bayani sosai | Ya danganta da abin da aka kwaikwayo |
| Kuɗi | Tukwici | Matsakaici, ga na gefe | Mafi tsada | Kuɗin intanet |
| Sauƙi | Ba fita, amma ana ɓata lokaci | Shi ke zuwa | Ke ke zuwa, a kan lokaci | Duk sanda kika so |
| Ƙarko ranar biki | Sosai, in da makaɗi | Sosai, in an koyi ƙirge | Sai an gwada a filin gaske | Rauni |
| Amfani bayan biki | Kowane bikin dangi | Kaɗan | Mai yawa | Kaɗan |
| Babban haɗari | Rashin tsari | Latti, ko biya a gaba | Musayar abokin rawa, bidiyon talla | Koyon kuskure |

Wa ya dace da wace?

In bikinki na mata ne zalla, kamu da wuni, kada ki kashe ko tamma a waje. Nemi gwanar danginku, ki kuma roƙi a kawo miki masu kiɗan da za su yi ranar ko sau ɗaya ne kafin biki, su ga takunki ki ji hannunsu.

In rawar shiga kike so da ƙawaye sun haura shida, ɗauko gwani, mace in da hali, ku fara saura sati biyar ko shida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki sa a yanke waƙar ta tsaya minti biyu, a tura wa mai sono ita kanta wadda kuka yi gwaji da ita, a ajiye kwafinta a salula biyu, sannan wani ƙanenki mai taurin kai ya tsaya a gefensa har a gama.

In ku biyu kuna Yamai, kuna son rawar don kanku ba don daren ɗaya ba, kuma gidajenku sun san da maganar, ku shiga sutudiyo. Amma ku iso Maraɗi da kwana biyu a hannu ku taka filin da za a yi, da takalman da za a sa. Kizomba kuwa ku bar ta sai kun shiga ɗakinku.

In ango na son ya fito fili amma mahaifinsa malami ne, ko ke ce kunya ba za ta bar ki ba, ku yi takamba. Zama uku da wanda ya iya ta sun isa, ba ta neman a riƙe kowa, kuma ita kaɗai ce liƙi ba ya ɓata ta, domin masu liƙin ma shiga cikinta suke yi.

In aljihu ya yi ƙasa ƙwarai, haɗa biyu: ɗauko salo uku daga salula, ki kai wa gwanar gida ta tace, abin da ta yamutsa fuska a kai ki zubar.

In kuma iyaye sun ce walima kawai za a yi, babu kiɗa, to saura tafiyar shiga, daga ƙofa zuwa kujera cikin guɗa, kuma ita ma tana son gwaji: taku gajere, kai a ɗan sunkuye, ƙawa ɗaya a kowane gefe. Ko wace kika zaɓa, ki gaya wa telarki tun ranar awo, kafin almakashi ya taɓa yadi. Ni nakan rage tsawon gaba da yatsa biyu, in sa ɗan maɗauki a ƙarƙashin jela wanda za ki zura a wuyan hannu in an zo juyi, in kuma ɗan saki hammata don hannu ya ɗagu. Bayan an gama jera duwatsu ba na iya yin ko ɗaya daga ciki.